Bayis ɗin injin yankan ƙarfe yana zamewa, ina mafita?

Maƙerin Ƙyamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema a kan injin zartona na yankan ƙarfe, irin na kwancen nan da ake ce wa 7 da 12, wato girman ƙarfen da yake iya yankawa a inci. Shekara shida ke nan yana hannuna, kuma na hannu na saye shi. Kusan wata biyu yanzu bayis ɗinsa, wato abin da ke matse ƙarfen da za a yanka, ya ƙi riƙe ƙarfe. Idan na sa aiki na fara murza sitiyarin bayis ɗin, sai ya kama kamar abin arziki, da na ƙara ƙarfi kaɗan sai in ji ƙas, ya saki. In sake murzawa ya sake kamawa, ya sake saki. Wani lokacin yakan riƙe har in tada inji, ana tsakiyar yanka sai bututun ya juya. A satin nan kaɗai zarto biyu na rasa, ɗaya haƙoransa suka zube, ɗaya ya tsinke. Abin da ya fi damuna yaron da ke tsayawa a kan injin, don jiya da zarton ya tsinke kaɗan ya rage ya same shi a hannu. Wanda ya taɓa gyara irin wannan ya taimaka mini.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Maigida, notin da ke hawa dogon sukurun bayis ɗin ne ya cinye, ba wani abu ba. Ka kwance na ƙasan, ka nemo dogon rodi mai tiredi da babban noti, ka yi masa walda a gurbin tsohon. Aikin awa ɗaya ne. Na yi wa nawa haka kuma har yau ina yanka da shi.

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kafin a kai ga walda, a tsaya tukuna. Kalmar "yana zamewa" na rufe cututtuka da yawa, kuma kowace da maganinta. Na sha ganin an canza noti mai lafiya alhali laifin na wani ɗan sukuru ne da bai kai ƙwayar wake ba.

Ɗana, ga abin da za ka yi. Ka zare wayar injin daga wuta, ba kashe makunni kawai ba. Ka samo alli. Ka ja layi ɗaya daga jikin sitiyarin zuwa kan dogon sukurun da yake juyawa. Ka ja na biyu a kan dogon sukurun daidai inda ya shiga gangar jikin injin. Ka ja na uku a kan shimfiɗar injin, a gindin muƙamuƙin da ba ya motsi, wato ɗaya daga farantai biyun da ke matse ƙarfen. Na huɗu a gindin muƙamuƙin da ke tafiya. Sannan ka sa guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu a tsakiyar bayis ɗin, ka murza har ya yi wannan ƙas ɗin, ka duba layukan.

Idan layin farko ya rabu biyu, sitiyarin ne ke juyawa shi kaɗai a kan sandar. Idan na biyu ya fito waje, wato sukurun gaba ɗaya ya taho wajenka, to zoben da ke tare shi daga ciki ne ya saki. Idan na uku ya gusa, muƙamuƙin baya ne ke ja da baya. Idan kuwa ukun nan suna nan daram amma na huɗu ya ja baya, ƙarfen ya saki, sai mu leƙa ƙasa wajen noti. Ka yi wannan ka dawo mana da labari.

Maƙerin Ƙyamare:
Allah ya saka da alheri Baba. Da safe zan yi, in sha Allah.

Ɗan Koyo:
Baba, don Allah ina da tambaya. Me zai sa sitiyari ya juya ba tare da sukurun ba? Na ɗauka abu ɗaya ne.

Baba Makanike:
A'a yaro, abu biyu ne aka haɗa. A yawancin injinan nan ɗan ƙaramin sukuru marar kai ne ke shiga ta gefen sitiyarin ya danne sandar, wasu kuma fin ne ake ratsawa ta tsakiya. In ɗan sukurun ya kwance, ko fin ɗin ya karye, sitiyarin zai ja sandar muddin ba nauyi, da nauyi ya zo sai ya zagaya ita kuma ta tsaya. Gyaransa mai sauƙi ne. Ka cire sitiyarin, ka goge wurin da magagari ya yi ɗan fili a jikin sandar, ko ka ɗan huda wurin kaɗan yadda bakin sukurun zai zauna a ciki, ka ɗiga maganin kulle tiredi, ka ɗaure. In fin ne, ka sa sabon fin na asali. Kada ka sa ƙusa, ƙarfenta ya yi laushi, kwana kaɗan za ta yanke.

Maƙerin Ƙyamare:
Barkanmu da safiya. Na yi gwajin alli. Layi na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. Na uku ya gusa amma kaɗan ƙwarai, kamar kaurin farce. Na huɗu shi ne ya ba ni mamaki: da ya yi ƙas sai na ga muƙamuƙin ya ja baya kamar milimita huɗu a lokaci guda, kuma kafin ya saki sai da gabansa ya ɗan ɗaga sama.

Mai Walda:
Ai na faɗa. Milimita huɗu tsallen haƙorin tiredi ɗaya ke nan. Noti ne.

Mai Fiƙar Ƙarfe:
Gaskiyarka a kan tsallen haƙori ɗaya, Malam Mai Walda, amma ban yarda da maganin da ka bayar ba, kuma zan faɗi dalili.

Na farko, injin da ɗan'uwanmu yake magana a kai ba cikakken noti gare shi ba. Ƙananan nan na 4 da 6 su ne mafi yawa ke da cikakken noti a ƙarƙashin muƙamuƙi. Na 7 da 12 galibi bayis ɗinsu mai saurin buɗewa ne: ka murza baya kamar rabin zagaye, notin ya saki sukurun, ka ja muƙamuƙin da hannu zuwa inda kake so, ka murza gaba ya sake kamawa. Abin da ke ba da damar haka shi ne notin haƙoransa a gefe ɗaya kawai suke, kuma akwai ɗan maɓalli da sifirin ke dannawa a jikin sukurun. Gogayyar maɓallin nan ce ke juyar da notin ya shiga tiredi idan ka murza gaba, ita ce kuma ke fitar da shi idan ka murza baya. To in sifirin ya mutu, ko maɓallin ya cinye, ko garin ƙarfe ya cushe wurin, notin ba zai shiga har gindin tiredi ba. Sai ya kama da bakin haƙora kawai. Da ƙarfi ya zo sai ya haye ya tsallaka. Wannan shi ne ƙas ɗin da yake ji. Yana iya yiwuwa notin nan da sauransa.

Na biyu, tiredin rodin da ake ɗaure gini da shi daban yake da na bayis. Na rodi mai tsini ne, kusurwarsa digiri 60. Na bayis mai faɗin kai ne, ko dai Acme mai digiri 29 wanda ake aunawa da inci, ko na milimita mai digiri 30. An yi shi da faɗi ne don ya ɗauki matsi kuma ya jure kai da kawowa. Rodi mai kaurin milimita 16 na gama-gari milimita 2 yake tafiya a zagaye ɗaya, na bayis kuwa 4 ko kusa da haka. Ka ga za ka ninka murɗa, ga shi ka rasa saurin buɗewar nan gaba ɗaya.

Na uku, wanda mutane ke mantawa: dogon sukurun bayis ɗin nan tiredin hagu ne a mafi yawan injinan. Sukurun ba ya tafiya, a wuri ɗaya yake juyawa, notin ne ke tafiya. Don notin ya yi gaba ya matse aiki idan ka murza dama, dole tiredin ya zama na hagu. Ka sa rodi na dama, bayis ɗinka zai koma buɗewa idan an murza dama. Kai ka sani, amma yaron da ya zo gobe bai sani ba.

Mai Walda:
Duk na ji, kuma ban musa ba. Nawa ma murɗin hagu yake matsewa yanzu, na rubuta a jikinsa da fenti. Amma Malam, mutum yana da aikin mutane a gabansa. Ba kowa ke da injin fiƙa a kusa ba, ba kowa zai iya jiran a kawo masa noti daga nesa ba. Ni abin da zai tashe shi yau na faɗa. Shekara biyu ke nan nawa yana aiki.

Mai Fiƙar Ƙarfe:
Ban raina dabararka ba, wallahi. A matsayin abin tsallake rana na yarda da ita. Abin da nake tsoro shi ne walda a jikin mazaunin notin. Ƙarfen zubi ne, wanda muke ce wa kas. Ka taɓa shi da rodin walda na gama-gari, wurin zai yi tauri kamar gilashi, ya tsage yana hucewa ko ranar da aka matsa shi. In ya tsage, maimakon noti ɗaya sai ka koma neman mazauni da noti.

Mai Walda:
Wannan kam haka ne. Kas sai da rodi mai nikel, a ɗumama shi kafin a fara, a yi ɗan gajeren ɗinki ana bubbugawa, a binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali. Nawa ban yi a jikin kas ɗin ba, sabon mazauni na haɗa da faranti mai kauri. Da na faɗi haka tun farko.

Shugaban Zaure:
Madalla. To tun da an fahimci juna, a bar mai inji ya kwance ya gani kafin a ci gaba da yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba.

Baba Makanike:
Ga yadda za ka kwance, ɗana. Ka ɗaga hannun injin sama ka kulle shi ko ka tokare shi da katako, don nauyinsa ya isa ya karya yatsu. Ka kwance notin da ke tsakiyar muƙamuƙin mai tafiya, shi ne ya ratsa ta cikin tsagar shimfiɗar ya riƙe mazaunin da ke ƙasa. Ka tara hannu a ƙasa. Kafin ka raba komai ka ɗauki hoto da waya, don ɗan sifirin nan da maɓallin suna da gaba da baya, kuma ƙanana ne, in suka faɗa cikin tiren ruwa sai an sha wahala. Ka zuba komai cikin kananzir ka wanke da burushin waya. Shi kansa dogon sukurun ka bi kowane kwari na tiredinsa da tsinken waya ko bakin sukudireba. Za ka yi mamakin abin da zai fito.

Maƙerin Ƙyamare:
Na kwance. Baba, abin da na tarar ya wuce yadda na zata. Tiredin notin a cike yake taf da wani abu baƙi mai tauri, sai da na sa tsinin ƙusa na ɓamɓare shi. Giris ne da garin ƙarfe suka haɗu suka daskare. Ni ne nake sa yara su cika masa giris duk ƙarshen mako, a tunanina gata nake masa. Ɗan sifirin kuma na same shi a miƙe, ba ya danna komai, maɓallin ya siɗe gefe ɗaya. Haƙoran notin bakinsu ya yi kwana, ya daina faɗi, amma daga tsakiya zuwa gindi suna nan da kaurinsu. Sannan notin da ya haɗa muƙamuƙin da mazauni da yatsa na kwance shi, ko sifana ban sa ba.

Malama Mai Koyar da Sana'a:
Sannu da ƙoƙari Malam. Maganar giris ɗin nan ita ce nake ta fama da ɗalibaina a kanta. A inda aka rufe, kamar cikin akwatin giya, man da aka tanada masa shi ne daidai. Amma sukurun da yake a buɗe, daidai ƙarƙashin inda garin ƙarfe ke zuba, giris tarko ne. Yana kama garin, su haɗu su zama kamar abin wasa wuƙa, su riƙa cin notin a kowane murɗi. Tun da notin kas ne ko tagulla, sukurun kuma ƙarfe ne mai ƙarfi, notin ne ke fara tafiya. Da gangan aka yi haka, don shi ya fi sauƙin canzawa. Abin da ya dace shi ne a goge sukurun da burushi bayan aiki, a shafa ɗan mai marar kauri da tsumma, ko a fesa irin man nan da ke bushewa. A irin bayis ɗinka ma akwai ƙarin dalili: maɓallin da gogayya yake aiki. Ka cika shi da giris, ka kashe gogayyar da yake buƙata don ya jefa notin cikin tiredi.

Ɗan Koyo:
Malama, to mu a wurinmu idan bayis ya ƙi riƙewa sai a zura bututu a hannun sitiyarin a ƙara masa ƙarfi. Hakan na da illa?

Malama Mai Koyar da Sana'a:
Yana da illa sosai, kuma don Allah ka daina ko da an sa ka. Bari mu yi lissafi. A ce faɗin sitiyarin milimita 150 ne. Zagaye ɗaya hannunka ya yi tafiyar milimita 471 ke nan, muƙamuƙin kuwa milimita 4 kawai ya matsa. Wato an ninka ƙarfinka kusan sau 118. In ka ja da ƙarfin kilo 20, ko da gogayya ta cinye kashi biyu cikin uku, abin da ya isa kan ƙarfen ya kusa kilo 800. Hannu kaɗai ke nan. Wannan ya ishi duk abin da injin zai yanka, musamman da yake zarton yana jan aikin ne zuwa wajen muƙamuƙin da ba ya motsi, shi ke ɗaukar nauyin yankan. In ka ƙara bututu, ƙarfin da ka ƙara ba kan aikin yake ƙarewa ba, kan haƙoran noti uku ko huɗu yake ƙarewa, da kan kas ɗin da ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe. Duk bayis ɗin da sai da bututu yake riƙewa, wani abu ne ya lalace a jikinsa.

Mai Fiƙar Ƙarfe:
Malam mai inji, kafin ka yanke shawara a kan notin, ka gwada sukurun ma. Yanzu da ka wanke su, ka ɗora notin a can ƙarshen sukurun inda ba a cika aiki ba, ka danna shi ka girgiza gaba da baya. Sai ka kawo shi inda ka fi yawan matse aiki ka sake girgizawa. In wasan iri ɗaya ne a wuraren biyu, sukurun lafiya lau, cinyewar a noti take. In a ƙarshe ya zauna dam amma a tsakiya yana rawa, sukurun ma ya ci, kuma sabon noti ba zai daɗe a kansa ba.

In ta kai ga nemo sabo, ga tarkon da nake so ka guje wa. Acme mai kaurin inci uku bisa huɗu yana da haƙori 6 a inci, wato tazarar milimita 4.23, kaurinsa kuma 19.05. Na milimita mai kauri 20 tazararsa 4 cif. Da ido ba za ka bambance su ba, amma notin ɗaya ba ya hawa ɗaya. Kada ka auna haƙori ɗaya. Ka ɗora rula ka auna tazara goma: in ka sami milimita 40, na milimita ne, in ka sami 42 da ɗoriya, na inci ne. Don gane hagu ko dama, ka tsayar da sukurun a tsaye ka dube shi: in layukan suna hawa ta hagu, na hagu ne. Injinan nan masana'antu da yawa ke yin su da sunaye daban-daban, kamanninsu ɗaya amma kayan cikinsu ba lallai su zo ɗaya ba. Saboda haka da awo za ka nema, ba da sunan inji kaɗai ba. In fiƙa za a yi maka, ka kai sukurun da tsohon notin tare, mai fiƙar ya gwada a kai. Ni tagulla na fi so.

Maƙerin Ƙyamare:
Na gwada. Tazara goma ta ba ni milimita 40, kuma na hagu ne kamar yadda ka ce. Wasan da ke tsakiya ya ɗan fi na ƙarshe amma ba da yawa ba. Tambayata yanzu, in mayar da tsohon notin ko in jira sabo?

Mai Walda:
Ka cike haƙoran da tagulla ka gyara su da magagari. Ana yi.

Baba Makanike:
Ana yi, amma ni ba zan fara da shi ba. Cike tiredin ciki da tagulla sannan a fitar da siffarsa da hannu aiki ne na mai haƙuri da gwaninta, in aka kuskure haƙori ɗaya ne zai riƙa ɗaukar nauyin duka. Tun da ka ce daga tsakiya zuwa gindi haƙoran na nan, ga ra'ayina. Ka bi bakin haƙoran da ƙaramin magagari ka cire kaifin da ya lanƙwaso kawai, kada ka rage jiki. Ka canza sifirin, ko ka lanƙwasa tsohon ya dawo da ƙarfinsa idan na faranti ne. Maɓallin a fiƙa maka sabo, ɗan guntun tagulla ne. In notin ya koma zama har gindi, zai kama da wurin da bai ci ba. Ka ci gaba da aiki da shi, amma ka ba da odar sabo tun yanzu, don haƙorin da ya taɓa hayewa ya riga ya koyi hanya.

Sai maganar ɗagawar muƙamuƙi da ka gani, kada ka raina ta. Wannan sakakken notin na tsakiya yana cikin masu laifi. Idan ya saki, muƙamuƙin zai kwanta baya in an matsa, mazaunin da ke ƙasa shi ma ya karkace, sai notin da ke cikin mazaunin ya kama sukurun a gicciye. Ka sa sabon na tsakiya mai lamba 8.8 a kansa, alamar ƙarfinsa ke nan, da washa mai kauri. Ka ɗaure shi yadda muƙamuƙin ba ya ɗagawa amma yana iya zamewa a kan shimfiɗa. Ka kuma shafa hannu a ƙarƙashin tsagar, in akwai kaushin zubi ko tudu ka goge shi.

Malama Mai Koyar da Sana'a:
Kada a manta layi na uku da ya gusa. Muƙamuƙin baya noti biyu ke riƙe shi, ɗaya a kansa yake juyawa, ɗaya yana cikin lanƙwasasshiyar tsagar da ake juya shi zuwa digiri 45. Na cikin tsagar nan washarsa kan lotsa ta faɗa ciki, sai ka ɗaure iya ƙarfinka amma ba ya riƙewa. Ka sa washa mai tauri da faɗi. Ka ɗaga muƙamuƙin ka share garin ƙarfe da mai da ke ƙarƙashinsa. Sannan ka sa sukwaya tsakaninsa da jikin zarton ka daidaita kafin ka ɗaure, kada ka dogara da lambobin da ke jikin injin. Kaurin farcen nan da ka gani ya isa ya sa yankanka ya daina fita daidai.

Maƙerin Ƙyamare:
Alhamdu lillahi. 'Yan uwa, na haɗa jiya da yamma kamar yadda aka ce. Sabon maɓalli, sabon sifirin, sabon noti na tsakiya, washa biyu masu kauri, ba giris. Yanzu da na murza dama ina jin notin ya faɗa da kansa, kuma na matse da hannu ɗaya ba ƙas ba tsalle. Na yanka angul goma sha biyu da sandar ƙarfe mai kaurin inci biyu, ko motsi. Kafin in haɗa kuma na kai sukurun an auna don a fiƙa sabon noti na tagulla.

Amma da sauran abu ɗaya. Yau da safe na sa wani ɗan guntun bututu, tsawonsa bai fi yatsa ba, na matse shi a bakin bayis ta gefen zarto. Ana fara yanka ya juya ya fice. Allah ya sa na tsaya kusa na kashe. Shin gyaran ne bai yi ba?

Baba Makanike:
Gyaranka ya yi. Wannan wata cuta ce daban, kuma ko sabon inji yana da ita. Muƙamuƙin mai tafiya a kan noti ɗaya yake a tsakiya, don ya iya juyawa ya bi kusurwa. In ka sa guntu a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen ba abin da ya tare shi, sai ya karkace. Maimakon ya riƙe aikin da fuskarsa, sai ya taɓa shi a wuri ɗaya, yana ma tura shi waje. Maganinsa ka sa wani guntu mai kauri ɗaya da aikin a ɗaya ƙarshen bayis ɗin, sai matsin ya rabu daidai. In kana yawan irin wannan aikin, ka huda ƙarshen muƙamuƙin ta gefen da ke nesa da zarto, ka yanka tiredi, ka zura dogon noti mai kaurin milimita 10 ko 12. Duk lokacin da za ka matse guntu sai ka murza shi ya tokari muƙamuƙin baya daidai da kaurin aikin. Na yi wa kowane injin da ya ratsa hannuna haka.

Mai Fiƙar Ƙarfe:
Ƙari a kan na Baba: abu mai zagaye a layi biyu kawai yake taɓa bayis, shi ya sa yake saurin juyawa. Ka yanko guntun angul ka kifa shi a jikin bututun ya zama masa mazauni, ko ka yi ɗan ƙarfe mai kwarin V. Ka kuma duba fuskar muƙamuƙan. In fenti ne ko mai ko sun yi sulɓi, ka kankare. Wasu kan ɗaura musu faranti mai kaushi da ya miƙo har kusa da zarto, yana taimakawa ƙwarai wajen gajerun abubuwa.

Mai Walda:
Kuma maigida wane zarto ne a kai? Don in haƙoran sun yi wa bututun girma, ko bayis ɗin duniya ka kawo sai ya fizge shi.

Maƙerin Ƙyamare:
Mai haƙori 6 a inci ne, wanda na yanka sandar da shi. Bututun kuma kaurin bangonsa milimita 2.

Mai Walda:
To ga shi nan. Tazarar haƙoranka ta haura milimita 4, bangon kuma 2 ne. Bangon faɗawa yake tsakanin haƙori da haƙori, sai haƙori ɗaya ya sarƙe shi ya ja. Ƙa'idar da aka sani ita ce a sami aƙalla haƙori uku a cikin ƙarfe a kowane lokaci. Ga siririn bututu ka nemi mai 14 zuwa 18 a inci, ka kuma rage saurin saukar hannun injin ta wajen bawul ɗin silinda, ya sauka a hankali. Ina zargin zartunan nan biyu da ka rasa ba laifin bayis kaɗai ba ne.

Mai Fiƙar Ƙarfe:
A nan kam ni da Malam Mai Walda bakinmu ɗaya.

Ɗan Koyo:
Baba, namu ƙaramin ne, na 4 da 6, kuma ba ya yin ƙas. Shi sitiyarin ne ke fitowa waje a hankali idan ana matsewa, har a ga tazara tsakaninsa da jikin injin. Shi ne layi na biyu da ka faɗa?

Baba Makanike:
Shi ne, yaro. Idan noti ya tura aiki gaba, sukurun baya yake son dawowa, wajenka. Abin da ke hana shi shi ne zobe ko kafaɗa da ke jikinsa ta cikin gangar injin. Ka kwantar da injin bayan ka zare wuta, ka leƙa ƙasa daidai bayan sitiyarin. In zobe ne mai ɗan sukuru, za ka ga sawun da ya ja a jikin sandar. Ka mayar da shi gurbinsa, ka huda shi tare da sandar ka ratsa fin, ka sa washa tsakaninsa da kas ɗin don kada ya ci gaba da cin jikin injin. Ka faɗa wa maigidanka kafin ka taɓa, kuma ka turo mana hoton abin da ka gani a ƙasan.

Ɗan Koyo:
To Baba, na gode. Gobe in mun buɗe zan nuna masa, sai in turo.